YADDA AKE GYARA SILON TSOHUWAR TARAKTA MAI FETUR

Ya kai manomin auduga, idan kana da tsohuwar tarakta mai shan fetur, ko kuwa ƙungiyarku ta manoma tana da ita, to, wannan takarda taka ce. Idan ba ka iya karatu ba, ba ɗanka ko malamin gona ya karanta maka ita a gaban taraktar, kana ji kana duba abin da ake faɗi.

Kowa ya san auduga ba ta son jinkirin shuka. A ƙasar auduga ta kudancin Cadi, wajen Pala da Kelo da Mundu, cikin watan Yuni ake so iri ya shiga ƙasa, da zarar ruwa ya zauna. Wanda ya makara, ruwa yakan ɗauke masa tun ƙwallon audugar bai ƙosa ba, ya kai wa Cotontchad kaya mara nauyi, bashin taki da na maganin ƙwari kuwa ba su raguwa saboda wai ya makara. To, sau da yawa abin da ke ɓata wa mai tarakta kwanakin nan masu tsada ba wani babban ciwo ba ne. Tarakta ce mai mutuwa duk sa'ad da aka kai ƙarshen kunya aka sassauta mata za a juya. Sai a sauka, a yi ta fama da ita, batir ya mutu, rana ta yi tsaka ba a nome ko rabin gona ba. Daga nan a ce sai an aika Njamena neman sabon kafireto, tafiyar da ta fi kilomita 400 daga Mundu. Alhali kuwa, galibi, sukudireba guda da haƙuri na rabin awa sun isa.

DUBA TUKUNA KO TAKA TANA DA KAFIRETO

Tarakta mai shan man gas, watau gazuwal, ba ta da kafireto ko kaɗan. Famfo gare ta mai fesa mai, kuma ba aikinka ba ne ka taɓa shi. Yawancin taraktocin da ke aiki a Cadi yanzu irin wannan ne. Idan taka tana da fulogi, wanda makanikan Njamena ke kira buji, da wayoyi masu kauri da ke zuwa gare su, to, mai fetur ce, tana da kafireto.

Mafi shahara cikin tsofaffin nan ita ce ƙaramar Ferguson mai launin toka, TE20, wadda aka yi ta ƙerawa a Kobantiri ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, har aka yi fiye da rabin miliyan. Yawancinsu kafireton Zenith gare su. Bayanta aka yi samfurin 35, wadda ta zama Massey Ferguson 35, akwai ta fetur akwai ta gas. Akwai kuma Ford 8N ta Amurka, daga 1947 zuwa 1952, mai kafireton Marvel-Schebler. Sunayen dabam ne, amma aikin cikinsu ɗaya ne. Har ma ƙaramin injin ban ruwa da kake gani a bakin Shari da Logon yana da ɗan kafiretonsa, abin da ka koya a nan zai amfane ka a can.

MENE NE SILO?

Inji ba ya ƙona fetur tsurarsa. Sai an gauraya shi da iska, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Aikin kafireto ke nan, gaurayawa. Idan fetur ya yi yawa, mu ce haɗin ya yi kauri. Idan iska ta yi yawa, mu ce ya tsinke, kamar dai kunu.

A cikin maƙogwaron kafireto akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai juyawa. Idan ka ja totur sai faifan ya buɗe, inji ya sha haɗi da yawa, ya yi ƙarfi. Idan ka mayar da totur gaba ɗaya sai faifan ya kusa rufewa, inji ya koma yana juyi a hankali ba ya jan kome. Wannan juyin a hankali shi ne silo. Masu Faransanci suna ce masa ralanti.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sa'ad da faifan nan ya kusa rufewa, iskar da ke wucewa ba ta da ƙarfin tsotso fetur daga babbar hanya. Saboda haka maƙera suka yi wata 'yar ƙaramar hanya dabam, ƙofarta ba ta fi bakin allura ba, tana ɓullowa daidai gefen faifan. Ta nan kaɗai inji ke shan fetur lokacin silo. Shi ya sa za ka ga tarakta tana jan garma lafiya lau, amma da an sassauta mata sai ta mutu. Babbar hanya lafiya take, ƙaramar ce ta toshe ko kuwa aka ɓata mata sa'i.

KADA KA FARA DA SUKURU

Wannan shi ne babban gargaɗinmu, kuma a nan ne direbobi suka fi yin ɓarna. Da inji ya yi tari sai su ɗauko sukudireba su hau murɗe-murɗe. Sukurun kafireto ba ya juya kansa. Idan jiya silo yana daidai yau kuwa ya ɓaci, to, wani abu ne ya sake, ba sukurun ba. Nemo shi tukuna.

Na farko, matacin iska. Ka lura da wannan lissafi: kafin inji ya ƙona lita 1 ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45. To, ka tuna irin iskar ƙasarmu. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele, arewa maso gabas da Tabkin Cadi, takan rufe Njamena har rana ta dushe, ga kuma ƙurar da garma ke tayarwa a busasshiyar gona. Duk wannan matacin iska ne ke tare ta. Na tsofaffin taraktoci yana da kwano a ƙasa mai baƙin mai a ciki. Kwance kwanon, zubar da tsohon man, kankare laka da ta kwanta a gindi, wanke da kananzir, sa'an nan ka zuba sabon baƙin mai daidai zanen da ke jikin kwanon. Kada ka wuce zanen. Lokacin aiki cikin ƙura, kullum safe ake duba shi. Matacin da ya toshe yana shaƙe inji, haɗi ya yi kauri, baƙin hayaƙi ya fito, mai shi kuwa ya ɗora wa kafireto laifi. Duba kuma robar da ta haɗa mataci da kafireto. Idan ta tsage, ƙura tana shiga inji kai tsaye, ta cinye shi kamar yadda yashi ke cin tukunya.

Na biyu, fetur ɗin kansa. Tun da aka buɗe matatar Jarmaya a 2011, arewa da Njamena, ana tace fetur a cikin ƙasa, amma daga matata zuwa ƙauyenku yakan bi ta duro da jarka da kwalba, ya kwashi ruwa da tsatsa da yashi a hanya. Ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe hanyar silo. Ƙarƙashin tanki akwai ɗan kofin gilashi. Duba shi da hasken rana. Idan akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, gama ya fi fetur nauyi. Rufe famfon mai, kwance kofin, wanke shi da 'yar ragar da ke bisansa, ka mayar ka ɗaure sosai. Daga yau kuma kada ka zuba fetur sai ta mazurari mai tsabtataccen ƙyalle. Fetur da ya kwana wata biyar ko shida cikin kafireto tun ƙarshen kaka yakan bushe ya bar danƙo. Irin wannan sai an kwance kafireto an wanke, an hura hanyoyin da famfon taya. Kada a zura waya ko allura cikin ƙofofin nan, gama tagulla ce mai taushi, idan ƙofar ta faɗaɗa ba ta komawa.

Na uku, wuta. Kwance fulogi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ka goge su, ka duba ko wayoyinsu sun tsattsage. Inji mai tafiya da fulogi uku ba zai yi silo mai kyau ba ko wane gwani ne ya murɗa sukuru.

Idan ka gama waɗannan uku, tayar da inji ka saurara. Sau da yawa za ka tarar ciwon ya warke. Idan haka ne, mayar da sukudireba aljihu, ka tafi gona.

SUKURU UKU NE, KA SAN KOWANNE

Idan har yanzu silo bai daidaita ba, to, zo ka tsuguna gefen kafireto, inji a kashe, ka gane su.

Akwai sukurun tokare. Yana jikin ɗan hannun ƙarfen da ke juya faifan maƙogwaro, shi ne ke hana faifan rufewa ruf. Shi ke ƙayyade saurin silo. Ka murɗa ciki, inji ya ƙara sauri. Ka warware, ya rage.

Akwai sukurun haɗin silo. Ƙarami ne mai ɗan sifirin a wuyansa, yana can sama kusa da inda kafireto ya haɗu da bututun inji. Bakinsa tsini ne. Shi ke ƙayyade kaurin haɗi lokacin silo. A yawancin tsofaffin kafireton nan iska yake tarewa, watau idan ka murɗa shi ciki haɗi ya yi kauri, idan ka warware ya tsinke. Amma akwai waɗansu da fetur yake tarewa, aikinsa ya zama akasin haka. Kada wannan ya dame ka, kunnenka zai gaya maka.

Na uku shi ne babbar allura, tana ƙasa wajen kwanon fetur, ta fi sauran girma. Ita ce ta aikin garma. Ba ruwanta da silo. Bar ta yadda take.

YADDA ZA KA YI

Kai tarakta fili inda iska ke kaɗawa, a ƙasa mai daidai. Kada ka yi wannan aiki cikin rufaffen ɗaki ko zaure, domin hayaƙin inji yana da guba mara wari wadda ke kashe mutum yana zaune. Sauke garma ƙasa, sa giya a firi, kulle birki. Tuɓe babbar riga, naɗe rawani ka ajiye. Fanka da fambel suna kusa da hannunka, kuma ba su san mai tarakta ba. Ban da taba, ban da yara kusa.

Tun inji yana kashe, ka yi abin nan da zai cece ka idan ka rikice. Yi ɗan zane a kan sukurun haɗi. Sa'an nan ka murɗa shi ciki, yadda hannun agogo ke tafiya, a hankali, kana ƙirga juyi: rabi, ɗaya, ɗaya da rabi, har ka ji ya taɓa gindi. Da ya taɓa, tsaya. Da yatsa biyu za ka riƙe sukudireba, kada ka ɗaure shi kamar noti. Wanda ya matse shi da ƙarfi ya ƙwarzane tsinin, ba zai ƙara daidaituwa ba sai an sayi wani. Rubuta adadin da ka ƙirga, ka warware shi ya koma inda ka same shi. Idan kuwa wani ya riga ya birkita shi ba a san wurinsa ba, fara daga juyi ɗaya a warware. Inji zai tashi a haka.

Yanzu tayar da inji, ka bar shi ya yi zafi sosai. Minti 15 yana aiki ya fi minti 15 yana tsaye. Kada ka yarda ka gyara silo a kan inji mai sanyi, gama inji mai sanyi yana son haɗi mai kauri, idan ka biya masa bukatarsa ta safe zai yi ta zuƙar fetur yini guda. Tabbata ka mayar da cok ciki gaba ɗaya, ka leƙa ka ga hannunsa da ke jikin kafireto ya koma har ƙarshe, don wayarsa takan lanƙwashe ta bar shi rabi a rufe.

Mayar da totur har ƙarshe. Duba ko hannun faifan ya zauna a kan sukurun tokare. Idan ya zauna, murɗa sukurun tokare har inji ya yi juyi kaɗan sama da silon da kake so, don kada ya mutu kana cikin aiki.

To, sai sukurun haɗi. Murɗa shi ciki rubu'in juyi, ka ɗauke hannu, ka ƙirga goma. Inji ba ya amsawa nan take, sai ka ba shi lokaci. Idan sautin ya gyaru ko ya ƙara sauri, ƙara wani rubu'in. Ci gaba haka har ka ji ya soma ɓaci. Riƙe wurin nan a ranka. Sa'an nan ka koma baya, rubu'i rubu'i, ka wuce wurin daɗin, har ya soma ɓaci ta ɗaya gefen. Tsakanin wuraren nan biyu akwai inda inji ya fi sauri, sautinsa kuma ya fi daidaita kamar dakan mata gwanaye. Nan za ka ajiye shi, ka ɗan karkata kaɗan wajen kauri.

Yaya za ka bambanta ɓacin biyu? Idan haɗi ya yi kauri, inji yakan yi sukuwa, ya yi nauyi, bakin salansa ya fitar da baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur ya sa ido ƙaiƙayi. Idan ya tsinke, inji yakan yi rawa, ya riƙa tsallake bugu, ya yi atishawa ta kafireto, ya nemi mutuwa.

Da ka sami wurin, za ka ji inji ya fi dā sauri. Sai ka koma kan sukurun tokare ka warware shi kaɗan kaɗan har silo ya sauko. Juyi 400 zuwa 500 a minti shi ne daidai ga irin waɗannan injuna. Idan taraktarka ba ta da agogon juyi, nemi mafi ƙanƙantar gudun da inji ke yi ba ya girgiza, sa'an nan ka ƙara masa ɗan kaɗan. Bayan wannan, sake taɓa sukurun haɗi sau ɗaya, gama sukurun biyu suna shafar juna.

Saura gwaji. Ja totur da sauri. Inji mai lafiya zai amsa nan da nan. Idan ya yi shiru tukuna kamar zai mutu sa'an nan ya ɗauka, haɗin ya ɗan tsinke, ƙara masa kauri rabin rubu'i. Mayar da totur da sauri kuma, ka ga ya sauko ya zauna bai mutu ba. Daga nan kai ta gona, ka nome kunya biyu ko uku, ka juya a ƙarshen kowace kamar yadda ka saba.

DABARAR DA BA TA DA KYAU

Mun ga direbobi da yawa, idan tarakta tana mutuwa, sai su murɗa sukurun tokare ciki har inji ya riƙa ruri ko yana tsaye. Lalle ba za ta mutu ba. Amma giya za ta riƙa ƙara duk sa'ad da za a sa ta, haƙoranta suna gutsurewa, tarakta ta riƙa zabura idan an saki kuloci, kuma ranar da ake ja da baya za a ɗaura garma, mutum yana tsaye tsakani, nan ne ake samun karaya. Ga fetur da ke ƙonewa a banza.

Waɗansu kuma sukan ja cok kaɗan su bar shi haka yini guda. Wannan ya fi muni. Fetur da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara cikin kwanon mai ya tsinka shi. Zaro sandar awon mai ka shinshina. Idan ka ji warin fetur, ko ka ga mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, sake baƙin mai tun yau. Mai son tsimi kuma da ya tsinka haɗi ƙwarai don wai ya rage shan mai, inji zai yi ta zafi, bawul su ƙone, kuɗin gyaransu ya ninka abin da ya tsimta.

Bayan aikin yini ɗaya, kwance fulogi ka duba bakinsa idan ya huce. Launin soyayyiyar gyaɗa shi ne lafiya. Baƙi mai busasshen kunkunniya, haɗi ya yi kauri. Fari fat, ya tsinke. Baƙi mai jiƙe da maiƙo, inji ne ke shan baƙin mai, wannan ba laifin kafireto ba ne. Amma ka sani, launin da ka gani bayan aikin garma ya fi nuna halin babbar allura.

Abu ɗaya kuma. Iskar bazara mai zafi ta fi ta hunturu sauƙi. Silon da aka gyara cikin sanyin Janairu, lokacin jigilar auduga zuwa kasuwa, yana iya ɗan yin kauri cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi a Njamena ke wuce awo 40. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne cikin Mayu, kafin ruwan shuka, ba ranar da ruwa ya sauka ba.

INDA ZA KA TSAYA KA KIRA MAKANIKI

Idan ka murɗa sukurun haɗi ciki da waje amma sautin inji bai sake ba ko kaɗan, ko hanyar silo ta toshe ko kuwa iska tana satar hanya. Kama sandar da faifan maƙogwaro ke juyawa a kanta, inji a kashe, ka girgiza. Idan tana kaɗawa cikin raminta, ta cinye, iska tana shiga ta nan. Ɗiga baƙin mai kaɗan a bakin ramin da kuma wurin da kafireto ya haɗu da bututu, inji yana silo. Idan sautin ya sake, ka kama ɓarawon. Kada ka yi wannan gwaji da fetur.

Idan fetur yana ɗiga daga kafireto inji yana tsaye, ɗan tulun da ke iyo cikin kwanon ya huje, ko allurarsa ba ta rufewa. Rufe famfon mai nan da nan, gama gobara ce ke jira. Idan inji yana hawa yana sauka da kansa bayan ka gyara haɗi, ko kuwa hannun faifan ba ya zama a kan sukurun tokare, laifin yana wajen gwamna da sandunansa. Kada ka lanƙwasa sanda, kada ka ja sifirin.

Idan ta kama sai an sayo kaya a Njamena, kada ka aika da baki kurum. Kwafe sunan kafireto da lambar da ke jikinsa, da lambar tarakta, ka ba ɗan aike tare da tsohon abin da ya lalace a ƙulle cikin ƙyalle, don a gwada a gani kafin a biya. Kafin kafireto ya dawo, toshe bakin bututun inji da tsabtataccen tsumma saboda ƙura da zanzaro, ka kuma tuna ka cire shi ranar ɗaurawa.